Jitata Tana Sito

Ɗan Kwaya:
Salama, 'yan'uwa, ni ɗan kwaya ne, wato ƙungiyar mawaƙan coci. Wani baƙon mai wa'azi ya zo cocinmu ya ce Shaiɗan ne shugaban mawaƙan sama kafin a koro shi. Dattawa sun ce a ajiye jita da ganguna tukuna. Ga kukana, mai amsa ya amsa a waƙe.

Baƙo ya hau bagadi yana ta tsawa,
Ya ce kiɗan zamani tarkon halakarwa,
Wai Lusifa, wato Shaiɗan, shi ne sarkin masu rerawa,
Can a sama, kafin ranar faɗuwa,
Ya sauko da kiɗansa don ruɗarwa.
Damina biyu na yi ina ta tarawa,
Kuɗin masara na sai jita ta kaɗawa,
Yau ga ta a sito, ƙura na rufewa,
Ku warware min, ni na kasa ganewa.

Dattijon Kagoro:
Ɗana, yi haƙuri, baƙon bai yi ƙarya ba,
Buɗe Ezekiyel 28, ba ni na rubuta ba,
Kerub ne, wato mala'ika, a gonar Adnin, ba a yi kamarsa ba,
Girman kai ya kayar da shi, bai tsaya matsayinsa ba.
Ishaya 14 fa? Tauraron asuba ya faɗo, ba ka ji ba?
Da amon molayensa ya gangara, bai bar su a baya ba.
A filin Dura na Babila ma ai ba da bulala aka fara ba,
Busa da kiɗa aka yi, jama'a suka durƙusa wa gunki, ba su yi gardama ba,
Shadrak da abokansa biyu kaɗai ne ba su durƙusa ba.

Ɗalibi daga Bukuru:
Baba, a gafarce ni, ni ɗanka ne,
Babin Ezekiyel ɗin nan makoki ne,
Aya ta 12 ta ce na sarkin birnin Taya ne,
Na Ishaya kuwa habaici ga sarkin Babila ne.
Magabata sun hango Shaiɗan a ciki, wannan haka ne,
Amma Lusifa ba sunan Ibrananci ba ne,
Daga juyin Baibul na Jerom ya zo mana, Latin ne,
Mai ɗauke da haske ke nan, da Hausa Gamzaki ne.
Ganga da sarewa na Ezekiyel aya 13, juyin Ingila na 1611 ne,
Wasu masu fassara sun ce aikin maƙerin zinariya ne,
Gurbin da ake dasa duwatsu masu daraja ne.
Mala'iku sun faɗi, wannan tabbas ne,
Yahuza aya 6 da Bitrus na Biyu shaida ne,
Mika'ilu ya yaƙi macijin, Wahayi 12 ne.
Amma shugaban kwayar sama? Ƙarin gishiri ne.
Uban masu kiɗa a Farawa 4 Yubal ne, kuma mutum ne,
Da mugun ruhu ya dami Saul, maganin kiɗan Dawuda ne.

Mama Zumunta:
'Ya'yana, ku matsa in sa bakina,
Ban yi makarantar Baibul ba, sai ta idona.
Kakata 'yar bori ce, a ɗakinta nake kwana,
Mai goge yakan zo gidanmu da faɗuwar rana,
Mata su kife ƙwarya, ni ina laɓe bayan zana.
Kowane iska da takensa, na ji da kunnena,
Da an taɓa na Sarkin Rafi sai ta zube a gabana,
Murya ta sauya, ido ya juye, ba ta san sunana.
Na tsufa yanzu, jikoki sun cika gidana,
Amma in na ji wannan take, tsiga na tashi a jikina,
Ko da sunan Yesu aka ɗora masa, sai in toshe kunnena.
To ƙwaryar nan dai, da tulu, su ne kayan yabona,
Ran zumunta in ɗaura ɗankwali in saki muryar nan tawa, ba na jin tsufana.
Turawan mishan sun ƙi ganga a zamanin babana,
Yau a ɗauke ta, rabin coci sai gyangyaɗi da kwana.
Ƙwarya ba ta san bori ba, 'yar duma ce daga gona,
Wa ake kira da ita, shi ne abin dubana.

Dattijon Kagoro:
Mama, kin gani da ido, ban isa in musa ba,
Ɗalibi, zan sake duba ayar, ban ƙi ba.
Amma kai Ɗan Kwaya, ba ka tsira ba!
Waƙarku ta bikin girbi, ban ji kalma ɗaya ba,
Lasifika ta cika kunne, ba a ji sunan Yesu ba,
Karin kuwa na gidan gala ne, ko kunya ba ku ji ba,
Rawar da yara suka taka ba a coci suka koya ba.
A Amos 5 Allah ya ce a kau da hayaniyar waƙa, bai saurara ba,
Can ma molo suke kaɗawa, ba su yi adalci ba.

Ɗan Kwaya:
Baba, ka kama ni, babu wurin ɓoyewa,
Karin a waya na ji shi, na yi ɗaukowa,
Na cire kalmomin soyayya na sa na yabawa,
Ashe kunnen yara tsohuwar yake jiyowa.
Zan rubuta sabuwa in kawo maka dubawa,
Mama ta ji karin kafin mu fara koyarwa,
Lasifika kuma zan yi mata ragewa.
To mabuɗin sito fa, yaushe za a yi bayarwa?

Dattijon Kagoro:
Mabuɗi na hannun sakatare, ba ni ke riƙe da shi ba,
Zo ran Asabar ƙarfe 4, ban da lattin da ka saba,
Ka biya coci ka ɗauko min tabarau, na bar shi a benci, ban tuna ba.