Lamba ɗaya, garuruwa daban-daban: yaya ake bin tarihin mazaɓa a majalisar Kalifoniya?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. In ka duba jerin waɗanda suka wakilci wata mazaɓa a majalisar dokokin jihar Kalifoniya ta Amurka, sai ka ga lamba ɗaya ce amma wakilan daga garuruwa masu nisa da juna suke. Kuskure ne wajen rubutu, ko da wani dalili?

Malamin Siyasa:
Wa alaikumus salam. Ba kuskure ba ne, malam. Lambar ce ke tashi, ƙasar tana nan inda take. Duk shekara goma ana ƙidayar jama'a, sai a sake shata iyakoki, a fara aiki da sabuwar taswira a zaɓe na gaba, kamar na 2012 da 2022. Ƙaramar majalisa kujera 80 ce, ta dattawa 40, kuma ana jera lambobin ne daga arewacin jihar zuwa kudu. To idan jama'a suka ƙaru a wani yanki ya sami ƙarin kujera, lambobin da ke biye sai su gusa.

Dubi Willie Brown, wanda ya shugabanci ƙaramar majalisar daga 1980 zuwa 1995. A San Francisco ya yi wakilcinsa kaf, amma ya riƙe mazaɓa ta 18, ta 17, sannan ta 13. Mai bin lamba kaɗai zai ɗauka ƙaura ya yi ta yi. Don haka ka fara da taswirar kowane zango, ka nemo unguwar da kake bincike a kai, sannan ka ga lambar da ta faɗa ciki.

Mai Bin Diddigi:
Gaskiya ne. Ƙari a kai, kada a gwama jerin kafin 1966 da na bayanta. A da, bisa gundumomi ake raba kujerun dattawa, har gundumar Los Angeles mai mutum sama da miliyan 6 ta zama sanata ɗaya tal gare ta. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1964 ne ya tilasta a raba bisa yawan jama'a, aka fara aiki da hakan a zaɓen 1966. Bayan ƙidayar 2020, kowace mazaɓar ƙaramar majalisa kusan mutum 494,000 ke cikinta.

Kuma in ka ga sunaye na saurin canzawa daga shekarun 1990, ba lallai kayar da su aka yi ba. A 1990 aka ƙayyade wa'adi: shekara 6 a ƙarama, 8 a dattawa. A 2012 aka mayar da shi shekara 12 jimilla.

Malamin Siyasa:
Madalla da wannan. Saura abu guda da ke damuna ƙwarai. Sanatoci shekara huɗu suke yi, na mazaɓu masu lambar mara (1, 3, 5) ana zaɓensu a shekarar zaɓen shugaban ƙasa, na masu lambar cika (2, 4, 6) a ta gwamna. Idan sabuwar taswira ta cire unguwa daga mazaɓa mai cika ta kai ta mai mara, mutanenta sai sun yi shekara shida ba su zaɓi sanata ba, misali daga 2018 har 2024, alhali wasu sun zaɓa a 2020 sun sake a 2022. Jerin sunaye ba ya nuna wannan giɓin, sai ka ɗora taswirar 2012 a kan ta 2022 za ka gan shi.