Hayar barga da makiyaya a Tawa

Mai Doki: Salamu alaikum ƴan uwa, zan ɗau hayar barga da fili bayan gari, dawaki ukku. Mi zan sa cikin kwantara?

Ɗan Adar: Alhaji iyakar fili tukuna, da burtali in ya ratsa, da jikka nawa a wata, da wa ke gyaran danga da rijiya, don in damana ta faɗi doki ya shiga hatsin maƙwabci kai za a kai gun maigari.

Baba Tsoho: Ɗana ka sa maganar taki, na wa ne? Nan rigima take. Kuma ka kai takardar gun COFO, hukumar filaye, su sa tambari, da shaidu biyu.

Mai Doki: Taki kuma! To madalla Baba.