Shawarwarin Masu Gidajen Wasa a Jos Kan Kula da Teburin Hokin Iska

Da masu gidajen wasannin yara a Jos suka tattauna kan teburin hokin iska, wato teburin wasan da mutum biyu ke buga wa juna ɗan ƙaramin faifai, ƙura ce ta fi cin lokacinsu, kuma da gaskiyarsu. Saman teburin cike yake da ƙananan ramuka, fankar da ke ƙasa na hura iska ta cikinsu don faifan ya riƙa shawagi. Da hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan toshe ramukan, sai faifan ya yi nauyi.

Bakinsu ya zo ɗaya cewa a kunna fanka kafin a fara shara, don iskar ta turo dattin waje maimakon a danna shi ciki. A goge da tsumma mai laushi da aka ɗiga wa sifirit. Kada a kwara ruwa ko a shafa man goge katako: ruwa na kumbura allon, mai kuwa ya liƙe ramuka. Ramin da ya toshe, a buɗe shi a hankali da tsinken sakace, fanka na aiki. Ita ma fankar a kakkaɓe ta bayan an cire wuta.

Kan feshin silikon, wanda ake fesa wa saman teburin don ya yi santsi, an rabu biyu. Ni ina tare da masu cewa a guje shi, domin yana kama ƙura.

Faifan da ya yi kaushi a murza shi da samfefa mai laushi. A rufe teburin bayan wasa, a nisanta shi da taga a damina, a kuma haɗa shi da sitabilaiza saboda hawa da saukar wutar lantarki.