Wankin tankin ruwa na rukunin gidaje: sau nawa, kuma da me?

Sakataren kwamiti:
Assalamu alaikum. Rukuninmu gida 12 ne, muna shan ruwan rijiyar burtsatse ɗaya, da tankunan roba biyu masu lita 5,000 kowanne a kan ƙarfe. Kwanan nan ruwan safe yana fitowa ja-ja, da ɗan wari. Wasu sun ce a zuba kilorin kawai, ba sai an wanke ba. Masana, ina mafita?

Mai gyaran famfo:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku zuba kilorin a kan datti, laka za ta cinye ƙarfinsa kafin ya kashe ƙwayar cuta. Ku leƙa gindin tankin da tocila. Bakin bututun fita yana ɗan sama da gindi, don haka duk yashin da sumo (injin da ke turo ruwa daga cikin rijiya) ya turo yana kwanciya a ƙasa, ba ya fita. Da ruwa ya ja baya da dare, aka tada inji da safe, sai ya dama lakar ta bi famfo. Jan kuwa galibi sinadarin ƙarfe ne na ruwan rijiya, ko tsatsar tsohon bututu.

Ku yi tanki ɗaya yau, ɗaya bayan kwana biyu, don kada gidaje su rasa ruwa. A kashe sumo, a rufe bawul ɗin da ke kai ruwa gidaje, a zubar da ruwan a bar kamar tsawon taki ɗaya. A goge bango da gindi da buroshi mai laushi mai dogon hannu da omo kaɗan. Ban da buroshin waya, yana karce roba, datti ya samu maɓoya. A kwashe lakar da bokiti da soso, a ɗauraye har kumfa ta ƙare. In babu bawul ɗin wanki a can gindi, ku sa a saka, shi zai rage muku rabin wahalar gaba.

Duba-gari:
Bayanin oga ya yi daidai, sai in ɗora da awon magani, domin a nan ake yawan ɓarna. Bayan wanki, a cika kwata na tankin da ruwa, a narkar da garin kilorin HTH a bokitin roba, giram 80 ga kowace lita 1,000. Naku ke nan giram 400 a tanki guda. A zuba, a cika tankin, a rufe, a bar shi awa 24. A auna da sikeli, kada a yi ƙiyasi da ido.

Wannan ruwan ba na sha ba ne, ba na girki ba, ba na alwala ba. A sanar da kowane gida tun kafin a fara, musamman masu yara. Bayan awa 24 a zubar da shi nesa da shuka da kududdufin kifi, a sake cikawa da sabon ruwa. Kilorin da ya rage a ruwan sha ya kamata ya tsaya tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, akwai 'yar na'urar gwaji mai araha a shagunan kayan ruwa.

Roƙona guda: kada a haɗa kilorin da Harpic ko wani asid, hayaƙinsa yana shaƙe mutum. Mai aiki ya sa safar hannu da takunkumi, kuma kada ya shiga tanki sai da wani tsaye a bakin murfi.

Sakataren kwamiti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To sau nawa a shekara?

Injiniyar ruwa:
Duk wata shida, Malam. Na fi son ƙarshen hunturu, bayan ƙura ta lafa, da kuma ƙarshen damina. Amma in murfi a buɗe yake, wankin banza ne. Ta nan ƙadangare da kashin tsuntsu ke faɗawa, warin da kuke ji ma zai iya zama daga nan. Hasken rana in ya shiga, gansakuka ta yi kore a bango. Ku sa wa murfin kwaɗo, ku ɗaure ragar sauro a bakin bututun ambaliya.

Ku kuma auna tazarar rijiyarku da sokawe mafi kusa. In ba ta kai mita 30 ba, ku kai ruwan ɗakin gwaji kafin damina, lokacin amai da gudawa. Sannan kwamiti ya naɗa mutum ɗaya mai riƙe makulli, ya riƙa rubuta ranar wanki da fenti a jikin tankin, kuɗin omo da kilorin kuma a sa shi cikin karo-karon wata tare da na man janareta.