Shin zaƙi ne ke hana yara natsuwa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Ni dai na gama yanke hukunci, larurar rashin natsuwar nan da likitoci ke kira ADHD sukari ne ke kawo ta. Alawa, biskit, lemon kwalba safe da yamma. A hana yaro zaƙi a ga ko ba zai zauna wuri guda ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, ina bayanki. Ku zo aji bayan an dawo daga tara ku ga ikon Allah. Wanda ya sha alawa kamar an kunna shi.

Anti Binta: Malam, bayan tara ai kowane yaro daga guje-guje ya dawo, har wanda ko sisi ba a ba shi ba. An gwada maganar nan a Amurka. A 1995 wani likitan yara, Mark Wolraich, da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwajen da aka ba wasu yara sukari, wasu kuma zaƙin da ba sukari ba, ba tare da yaran ko iyayen ko masu binciken sun san wa ya sha me ba. Ba a ga bambanci a halayyarsu ba. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na 1994: aka ce wa wasu iyaye mata an ɗura wa 'ya'yansu sukari, alhali ba a ba su ba. Su ne suka ce ƙiriniyar yaran ta ƙaru, suka kuma fi bin su da faɗa.

Maman Khalifa: To Anti, idona ƙarya yake min ke nan?

Anti Binta: A'a Maman Khalifa. Amma duba inda yara suka fi shan zaƙi: biki, suna, yawon sallah. Ga taro, ga kiɗa, ga rashin barci. Wanne za a kama?

Alhaji Baba: Mu da rake da mazarƙwaila muka tashi, ba mu san wata ADHD ba. Rashin kwaɓa ne kawai.

Anti Binta: Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam ban bi ka ba. Akwai yara masu ita a zamaninku, sai dai sunansu "mara ji" ko "daƙiƙi", suka sha bulala a banza. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma, sama da 70 cikin 100.

Baban Yusra: Kada a wanke kayan kanti tas fa. Matsalar tana iya zama kalar da ake zubawa. A 2007 Jami'ar Southampton da ke Ingila ta ba yara 'yan shekara 3 da 'yan 8 zuwa 9 abin sha mai haɗin kaloli, irin su tatrazin mai launin rawaya, aka ga rawar kansu ta ƙaru. Tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da kaloli shidan da aka gwada a binciken nan.

Malam Sani: Ka ga ni! Ashe muna da gaskiya.

Baban Yusra: Sannu dai Malam, kala daban, sukari daban. Kuma tasirin ƙarami ne, ba kowane yaro ba, an kuma haɗa kalolin da sinadarin hana lalacewa, don haka ba a iya ware mai laifin ba.

Anti Binta: Ni abin da ya fi damuna abin da yaro bai ci ba ne. Ƙwaƙwalwa na buƙatar sinadarin ƙarfe wajen haɗa wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke da hannu a maida hankali. A 2004 likitoci a Faris sun auna yara masu ADHD, suka tarar ajiyar ƙarfen jikin mafi yawansu ta yi ƙasa. Bai tabbatar shi ne sanadi ba, amma mu da ƙarancin jini ya yi wa yaranmu katutu bai kamata mu raina shi ba. Yaro ya karya da shayi da burodi, shayin ma yana rage shigar ƙarfe jiki. Don samun ƙarfen, a ba shi hanta, wake, kifi, zogale, a bi da lemon zaƙi. Gishirin miya kuma ya zama mai aidin.

Maman Khalifa: To in saya masa maganin ƙarin jini a kemis?

Anti Binta: Kada ki fara sai an auna jininsa, yawansa guba ne ga yara. Idan rashin natsuwar ya haura wata shida, a gida da makaranta duka, likita za ki kai shi. Abinci na taimakawa, amma ba ya maye gurbin magani.

Maman Khalifa: Zan kai shi. Amma lemon kwalba ya bar gidana ke nan.

Anti Binta: Haƙoransa za su gode miki.

Malam Sani: Ni fa har yanzu ban sauka ba. Gobe zan lura da waɗanda ba su sayi alawa ba.

Baban Yusra: Malam, ai ka riga ka san wa ya saya. Sa wani malamin ya lura.