Wata ne ke jan teku, ko iska ce?

Kawu: Jama'a, maganar nan ta cewa wata ke sa teku ya cika ya janye ba ta shige ni ba. Abin da ke nesa da mu kilomita 384,000 ya ɗaga teku, amma ya kasa motsa ruwan randar gidana? Iska ce kawai.

Ɗan Legas: Kawu, da girmanka, iska ba ta da agogo. Zo Apapa ka duba layin danshi a jikin ginshiƙan gada. Ko ganye ba ya motsi, ruwan sai ya hau ya sauka sau biyu a kwana guda, kuma kullum yana makara da kusan minti 50, daidai yadda fitowar wata ke makara.

Kawu: To ka gani! Wata ɗaya, cika biyu. Ina na biyun ya fito?

Malama: Tambayarka na kan hanya, Kawu. Wata yana jan komai, amma ya fi jan abin da ya fi kusa da shi. Ruwan da ke fuskantarsa ya fi janyuwa, sai ya kumbura. Ita ma ƙasa ta fi janyuwa bisa ruwan da ke bayanta, sai a bar wancan a baya, shi ma ya kumbura. Duniya tana juyawa, tana ratsa mu ta cikin kumburin nan biyu. Randarka kuwa taku ɗaya ce, jan da ke bakinta shi ne a gindinta. Teku dubban kilomita ne, a nan bambancin ke taruwa.

Alhaji: Ai rana ta fi wata girma nesa ba kusa ba, me ya hana ta?

Malama: Tana ja, ranka ya daɗe, sai dai nisan kilomita miliyan 150 ya sa tasirinta bai kai rabin na wata ba. Lokacin tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu rana da wata da duniya suna layi ɗaya, cikar ta fi ƙarfi. Wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata kuwa sai ta yi sanyi. Siffar gaɓa ma tana da nata: a Legas tazarar cika da janyewa kamar mita ɗaya ce, a mashigin Fundy na Kanada har mita 16.

Kawu: Ban gama sallamawa ba. Ɗan Legas, ɗauko mini hoton ginshiƙin nan lokacin cika ranar sha biyar, ka sake ranar ashirin da biyu. Wuri ɗaya fa.

Ɗan Legas: An gama, Kawu, in Allah ya kai mu.