Digiri na uku a CFD da makamashi: me kuka tarar?

Sabon shiga: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala digiri na biyu, ina neman gurbin digiri na uku a CFD, wato lissafin gudanar ruwa da iska ta kwamfuta, ɓangaren makamashi. Waɗanda suka riga mu shiga, ku ba mu labari.

Maman Iska: Wa alaikumus salam. Ni ganawar farko ce ta koya mini hankali. Na je da hotuna masu launi da na fitar a Fluent, wata manhajar CFD, ina ta ji da kaina. Farfesan ko kallonsu bai yi ba, ya ce me ya sa na yi amfani da k-epsilon, wani tsarin ƙiyasta hargitsin iska, a wurin da iska ke rabuwa da jikin fiffiken farfela? Bakina ya mutu. Danna maɓalli kawai na iya, ban san abin da ke ƙarƙashi ba. Na koma na zauna da lissafin Navier-Stokes, wanda shi ne tushen CFD, na gane dalilin da ya sa wani masani, Menter, ya haɗa tsarin k-omega SST, wanda ya fi dacewa da irin wannan wuri, a 1994. Yanzu ina Denmak, digirin shekara 3 ne, kuma albashi ake biya kamar kowane ma'aikaci. Ina nazarin yadda injin iska na gaba ke rage wa na bayansa ƙarfi.

Baban Hafsa: Ƙanena, kafin ka sa hannu, tambayi malamin sa'o'i nawa ƙungiyarsa ke da su a babbar kwamfuta. Ni ban tambaya ba. Ƙonewar haidurojin nake yi da LES, hanyar da ke lissafa manyan hargitsin iska kai tsaye, ba kamar RANS ba, mai ɗaukar matsakaici kawai, da za ka gama a kwamfutar ofis. Aiki ɗaya sai ya yi kwanaki a layi. Wata rana ya samu shiga da dare, da asuba na duba, lambar Courant, wadda in ta yi yawa lissafi kan wargaje, ta haura, sakamakon duk NaN, wato ba lamba ko ɗaya. Na koma ƙarshen layi. Sannan ka koyi Linux da C++ tun yanzu, domin manhajar CFD ta OpenFOAM kyauta ce amma ba ta lallashi.

Injiniya Z: Mai neman gurbin Marie Curie, wato tallafin bincike na Tarayyar Turai, ya kula: kada ya zama ka zauna a ƙasar da za ka yi karatun fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce. A Holan kuma digirin shekara 4 ne.

Malam Zafi: Nawa kan na'urar musayar zafi ne. Shekara guda ina murna da sakamako, sai wani ya ce in ninka yawan ƙwayoyin ragar lissafin, wato ƙananan gidajen da ake rarraba na'urar zuwa gare su a kwamfuta. Amsa ta canza. Ashe raga nake aunawa, ba zafi ba! Ka tambaya ko suna da ɗakin gwaji da za ka gwada lissafinka da awo na zahiri.

Sabon shiga: Allah ya saka da alheri. Anti Maman Iska, nawa hotunan ma da k-epsilon na yi su, kuma ganawata ranar Talata ce.